Na ce su daina kirana, sun ƙi

Tambaya: Barista, ina da shagon atamfa a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Wani kamfani ya addabe ni da kiran talla, wai in karɓi rance. Na ce ba na so, su daina. Washegari sai su kira da wata lambar. Doka ta ba ni wata mafita kuwa?

Amsa: Hajiya, ta ba ki. Sai dai "ku daina" da aka faɗa a waya iska ce, gobe za su ce ba su ji ba.

Fara da tura saƙon STOP zuwa 2442, layin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta buɗe a 2016 don tare tallan da ba a so. Kyauta ne. Amma kada ki sa rai da yawa, domin ya fi tasiri kan tallan da ke biyowa ta kamfanin layinki. Wanda ya samu lambarki ya kira da waya irin ta kowa, 2442 ba ya tare shi.

Makaminki na gaske shi ne Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Sashe na 36 ya ce idan mutum ya ƙi a yi amfani da bayanansa don talla, dole a daina. Ko da a baya kin taɓa cike musu fom, kina da ikon janye amincewarki. To ki rubuta musu, ta imel ko takarda, da kwanan wata, ki ce su daina kiranki, su kuma gaya miki inda suka samo lambarki. Wannan tambayar ita ce ba sa so. Duk kiran da ya biyo baya, ki ɗauki hoton lambar da lokacin, ki adana.

In sun ci gaba, ki kai ƙorafi ga hukumar kare bayanai, NDPC. Tarar da za ta iya ɗora wa babban kamfani ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. In kamfanin layinki ne ke da laifin, kira 622, layin kai ƙorafi na NCC.

Kotu ma a buɗe take, don sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin wayarki, kuma ana iya neman diyya a Babbar Kotu nan Katsina. Ni dai ba zan ce ki fara da ita ba, saboda kuɗi da ɓata lokaci. In kuwa kiran ya koma barazana ko neman lambar BVN, ya bar talla, ki nufi ofishin 'yan sanda.