Tangaran na gwanjo: duba gindin faranti kafin ka yanka masa kuɗi

Tambaya: Ina sayar da kayan gwanjo a Kano. Katan uku na farantai da kofunan tangaran sun shigo mini daga Ingila, wasu da zanen fure, wasu shuɗi da fari. An ce mini tsofaffi ne, kada in yi gaggawar sayarwa. Yaya zan gane masu daraja, kuma nawa zan sa musu?

Amsa: Alhaji, kife kowane faranti ka karanta tambarin gindinsa. Idan an rubuta "England" kaɗai, galibi bayan 1891 aka yi shi, lokacin da dokar Amurka ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito a kan duk abin da za a shigar can. "Made in England" na ƙarni na 20 ne. "West Germany" bai wuce tsakanin 1949 da 1990 ba. Wanda ya ambaci "microwave" kuwa ɗan jiya ne, ko da zanensa ya yi kama da na kakanni.

Sai dai tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Shuɗin nan mai zanen gadar ƙetare ruwa da tsuntsaye biyu, wanda ake kira Willow, kamfanoni barkatai sun yi ta buga shi, don haka yawancinsa araha ne. Zanen furen Old Country Roses na kamfanin Royal Albert na Ingila ya fito a 1962, amma daga 2002 aka koma yin sa a Indonesiya, kuma masu tarawa sun fi biyan na Ingila. Fure iri ɗaya, farashi daban.

Daga nan sai lafiyar kayan. Ɗora farantin a kan yatsu uku ka ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Mai lafiya zai yi ƙara ya ja ta. Wanda ya tsage a ɓoye zai yi "ƙwaf" ya tsaya. Shafa yatsa a gefe don jin ɓallewa. Haska fitilar waya ta baya: tangaran da aka haɗa da garin ƙashi wajen yin sa, wanda ake kira "bone china", yana barin haske ya ratsa. Idan ka ga siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo sun yi ruwan ƙasa, maiƙo ya riga ya shiga, darajarsa ta faɗi, kuma bai dace da cin abinci ba. Kada ka goge bakin zinare da soson ƙarfe, nan take zai tafi.

Wajen farashi, rubuta sunan kamfani da na zanen a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da masu kaya ke nema ba. Cire kuɗin aikawa da asarar fashewa a hanya. Sau da yawa faranti ɗaya bai kai kuɗin jigilarsa ba, gara ka nemi mai saye a gida, cikin masu haɗa kayan ɗakin amare.

Haɗa saiti shida-shida ko goma sha biyu. Butar shayi mai murfinta na asali da babban kwanon miya ka ware su daban, domin su ne suka fi fashewa, su ne kuma ake nema ido rufe.