Tambaya da Amsa: Abin Taɓawa Na Baƙi Da Zuma Cikin Minti 20

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Na sayi kwalbar zuma a hannun wani mai kiwon ƙudan zuma a yankinmu, kuma ina sa ran baƙi kamar mutum 8. Ina so in ajiye musu ɗan abin taɓawa mai kyan gani kafin a kawo abinci, amma lokacin da zan samu bai wuce minti 20 ba. Me zan haɗa? Sannan zumar ta fara daskarewa a ƙasan kwalbar, shin ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zumarki ba ta lalace ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwan cikinta kuwa yawanci bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba, kuma ɗaya daga cikin nau'o'in sukarin, wato gulukos, yakan rabu da ruwan ya zama ƙananan ƙwayoyi idan zumar ta jima a ajiye. Zumar da ba a dafa ba kuma ba a tace sosai ba ta fi saurin yin haka, domin ɓurɓushin kaki da garin fure da ke cikinta su ne ƙwayoyin ke taruwa a kansu. Ki tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, wajen digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, kina juyawa har ta saki. Kada ki ɗora ta a wuta kai tsaye, domin zafi mai yawa yana korar ƙamshin furen da ya bambanta ta da zumar kamfani, alhali saboda wannan ƙamshin kika saye ta.

Kafin komai, ki ɗanɗana ta. Zumar kowane yanki tana ɗaukar launi da ɗanɗanon furannin da ƙudan suka ziyarta. Mai haske yawanci tana da sanyin ɗanɗano, mai duhu kuwa ta fi ƙarfi, wani lokaci har da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Wannan ne zai nuna miki abin da za ki haɗa ta da shi: mai haske tana dacewa da cuku mai laushi marar gishiri sosai, mai duhu kuma tana buƙatar cuku mai gishiri da ƙarfin ɗanɗano wanda ba za ta danne shi ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, aikin abin taɓawa ya buɗe wa baƙo sha'awar abinci, zaƙi zalla kuwa rufe ta yake yi. Saboda haka zuma ba za ta tsaya ita kaɗai ba, sai an haɗa ta da gishiri, da ɗan tsami, da wani abu mai ƙaras-ƙaras a baki. Haɗin da na fi amincewa da shi ga mai gaggawa shi ne gasasshen burodi da cuku da gyaɗa ko kashu. Ki yanka burodi sirara, yanka 16, kowanne daidai loma biyu, ki shafa musu man zaitun kaɗan, ki gasa su a kasko ko a obin mai zafin digiri 180 na minti 6 zuwa 8 har gefensu ya yi ja. Yayin da suke gasuwa, ki soya gyaɗar a busasshen kasko ba tare da mai ba har ƙamshinta ya tashi, sannan ki farfasa ta da girma-girma, kada ta zama gari. Idan burodin ya ɗan huce, ki shafa masa cuku, giram 200 zai wadatar da duka, ki ɗora siririn yankan tuffa wanda kika ɗiga wa ruwan lemon tsami don kada ya yi baƙi, ki barbaɗa gyaɗar a kai.

Zumar ita ce ta ƙarshe, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu da yawan hannu. Rabin ƙaramin cokali ya ishi kowane yanka, wato babban cokali 3 zai zagaye faranti gaba ɗaya har ya yi saura. Ki ɗaga cokalin sama kaɗan ki bar ta ta zubo siririya, domin haka ne take kwanciya a kan cukun tana sheƙi maimakon ta taru wuri ɗaya. Bayan ta sai ɗan gishiri da masoro. Idan baƙinki masu son yaji ne, ki ɗumama zumar da ɗan dakakken barkono na wasu mintoci kafin ki zuba. A ganina wannan haɗin ya fi kowanne jan hankalin mai ci. Ban ba ki shawarar zuba zumar kafin gashi ba, saboda furuktos, wani nau'in sukari da ke cikinta, yana saurin ƙonewa fiye da sukarin da aka saba da shi, kuma da zarar ya ƙone sai ɗaci.

Za ki iya gasa burodin da gyaɗar tun da wuri ki rufe su, amma ki bar shafa cuku da zuba zuma sai baƙi sun zauna, domin danshinsu yana tausasa burodin cikin ɗan lokaci. Ki jera su a faranti mai faɗi da tazara a tsakaninsu, ki ajiye tawul ɗin takarda a gefe saboda danƙon zuma a yatsu.

Akwai abubuwa biyu na lafiya da ban so ki manta. Ki tambayi baƙinki tun da farko ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kashu, ki ware masa nasa a wani faranti dabam da bai taɓa su ba. Sannan idan akwai mai goyo a cikinsu, kada a lasa wa jaririn da bai cika wata 12 ba zuma ko kaɗan, ɗanya ce ko dafaffiya, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar botulizim waɗanda hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai hana su tsiro ba tukuna.