Kwalin digiri ko gogewa: wanne zan zuba wa kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina aiki a ƙarƙashin wani mai sayar da kaya sari, na tara ɗan abin da zan yi jari. Yayana ya ce in fara yin digirin kasuwanci da kuɗin, abokaina kuma sun ce kwali ba ya sayar da haja, ai Bill Gates ma barin makaranta ya yi. Tsorona kada in bi ɗaya, abin da na sha wuya na tara ya tafi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka taɓa jarinka don biyan kuɗin digiri, kada kuma ka buɗe kasuwanci da shawarar abokan nan naka.

Shekaru huɗun da ka yi a wurin ubangidanka dukiya ce. Wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a Amurka, wanda ya fito a 2018, ya duba mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni. Matsakaicin shekarun waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin da ya buɗe nasa ya fi baƙon fannin samun nasara nesa ba kusa ba. Sanin inda ake samo kaya, wane mai saye ne ke cika alkawari, wane wata ne ciniki ke mutuwa, duk ba a koyar da su a aji. Digirin MBA kuwa, wato babban digiri kan tafiyar da kasuwanci, da Jami'ar Harvard ta fara koyarwa a 1908, an tsara shi ne don horar da manajojin manyan kamfanoni. Yana da amfani ga mai neman shugabancin kamfanin wasu ko mai neman masu zuba jari. Mai ɗan jari da zai fara sari, kuɗin makarantar kawai zai cinye masa uwar kuɗi.

Batun Gates kuma a bar shi haka nan. Tun yana ɗan shekara 13 yake rubuta manhajar kwamfuta, kuma Harvard ya bari a 1975, daga gidan da ko ya faɗi akwai mai ɗaga shi. Mark Zuckerberg da ake haɗa su, a 2008 ya ɗauko Sheryl Sandberg, mai MBA daga Harvard ɗin da ya bari, ta riƙe masa harkar kuɗin shigar Facebook. Dubban da suka bar karatu suka karye, babu mai gayyatar su yin lacca.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren da gogewa ba ta gyarawa, wani lokaci ma ƙara shi take yi: ɗaukar ciniki a matsayin riba, da ɗaukar riba a matsayin kuɗin hannu. Yaron shago yana ƙwarewa a sayarwa, amma littafin lissafi yana hannun maigida. Sai ya buɗe nasa, masu saye suna ta shigowa, yana ta murna, bayan wata goma sha takwas ya tarar babu kaya babu kuɗi, ya fara zargin sammu ko yaransa.

Ga yadda abin yake faruwa. Ka sayi kaya a 100, ka sayar a 125. Mafi yawan mutane za su ce ribarsu kashi 25 ce cikin 100. Kashi 20 ce, domin da kuɗin sayarwa ake auna ta. Sai wani ya zo da ciniki mai yawa ya nemi ragin kashi 10, ka ga ai ba komai. Kashi 10 na 125 shi ne 12.5, wato ka ba shi rabin ribarka, kuma sai ka sayar da ninki biyu kafin ka koma inda kake. In kuwa haya da albashi da dako da lalacewar kaya suna cin 15 a kan kowane ɗaya, to wannan cinikin da ka yi farin ciki da shi faɗuwar 2.5 ce. Ka sayar da dubu, ka faɗi sau dubu.

Kuskure na biyun, wato ɗaukar riba a matsayin kuɗin hannu, ya fi wannan muni, don yana kashe kasuwancin da ke cin riba ta gaske. A ce kaya suna kwana 45 a sito kafin su fita, masu saye suna biya bayan kwana 30, wanda ya ba ka kayan kuma yana son kuɗinsa cikin kwana 15. Akwai giɓin kwana 60 da kai za ka cike daga aljihunka. Ciniki ya ninka, giɓin ya ninka. Shi ya sa za ka ga mutum kasuwarsa na haɓaka amma yana yawon neman rance don biyan albashi. A takarda mai riba ne, amma ribar tana aljihun waɗanda yake bi bashi. Ka haɗa da ɗiban kuɗin cefane daga aljihun tebur ba tare da rubutawa ba, ka ga yadda ake cinye jari da sunan cin riba.

A nan ne masu damfara suke shigowa. Taron kwana biyu a otal, kuɗin shiga mai tsoka, mai jawabi cikin kwat yana ihun "ka yarda da kanka", a ƙarshe a miƙa maka takardar shaida mai zanen zinare. Ka tambaye shi yadda ake lissafa adadin kayan da za ka sayar kafin ka mai da kuɗin haya, za ka ga ya koma labarin Gates. Wanda bai taɓa biyan albashin kowa ba, abin da yake sayarwa kujerar zauren ce kawai.

Karatun da kake bukata gajere ne. A Jamhuriyar Dominika an gwada koyar da ƙananan 'yan kasuwa iri biyu: darasin akanta na aji, da wasu ƙa'idoji masu sauƙi irin su ware kuɗin kasuwa daga na gida da yanka wa kai albashi. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna ƙa'idojin ne suka sauya yadda mutanen ke riƙe kuɗinsu, musamman waɗanda ba su da zurfin ilimin lissafi.

Kafin ka bar wurin ubangidanka, ka nemi ya bar ka ka riƙe littafin shige da fice na wata shida. Ka sami akanta na gaske ya zaunar da kai a kan abu uku: lissafin riba da faɗuwa, hasashen kuɗin da zai shigo da wanda zai fita na mako 13 masu zuwa, da dokokin haraji da rajista na inda kake. Ka buɗe asusun banki na kasuwancin daban. Ka ƙayyade iyakar bashin da za ka ba mutum ɗaya da ranar biya, a rubuce. Ka ajiye kuɗin haya da albashi na aƙalla wata uku da ba za a sayi kaya da su ba, duk yadda kayan suka yi araha. In ma'aikatanka sun kai inda ba ka iya sa ido a kan kowa, ko banki ya fara neman rahoton da akanta ya tantance, lokacin ne za ka duba digirin, ka yi shi a ƙarshen mako, ribar kasuwancin ta biya kuɗinsa.