Amsa: lambar katsewa ta takarda ba ita kanel ke so ba

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce a allon ARM da kake aiki a kai a Jidda, takardar na'ura ta ba UART, mashigar serial ta allon, lamba 61 ta katsewa (interrupt, siginar da na'ura ke neman kulawar CPU da ita), ka miƙa ta ga request_irq(), sai ga kuskuren -EINVAL.

Lambobi biyu ne. 61 ita ce hwirq, lambar da GIC, mai kula da katsewa na ARM, ya sani, kuma a wajensa kaɗai take da ma'ana. Wani mai kula da katsewa, kamar na GPIO (ƙafafun shiga da fita na allo), yana iya samun tasa 61. Don kar su yi karo, kanel ɗin Linux ke ba kowannensu irq_domain, wato teburin da ke haɗa hwirq da lambar kanel, virq. Virq ɗin ce request_irq() ke so.

A GIC, 0 zuwa 15 na SGI ne (katsewar da software ke tayarwa), 16 zuwa 31 na PPI (katsewar da ta keɓanta da CPU ɗaya), SPI (katsewar na'urori irin su UART) na farawa daga 32. Shi ya sa a DTS, fayil ɗin da ke bayyana wa kanel na'urorin allo, za ka rubuta GIC_SPI 29, ba 61 ba, kanel ne zai ƙara 32. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe.

A cikin probe, aikin direba da kanel ke kira idan ya gano na'urar, kira platform_get_irq(pdev, 0), ka ba devm_request_irq() abin da ta dawo da shi. In platform_get_irq() ta dawo da -EPROBE_DEFER, mayar da shi yadda yake, mai kula da katsewar ne bai shirya ba tukuna. Don Allah kar ka kafe virq a cikin direba, tana iya canzawa da zarar jerin rajista ya canza.

Duba /proc/interrupts: lambar farkon layi virq ce, wadda ke bayan sunan GIC kuwa hwirq.