Gregorovius, Bajamushen da ya rubuta tarihin Roma: amsa ga ƙanenmu mai tambaya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai da na samu natsuwa domin ba abin amsawa a tsaitsaye ba ne. Ka ce a karatunka ka ci karo da sunan Ferdinand Gregorovius, aka ce maka mawaƙi ne, kuma baƙo ne da ya rubuta tarihin garin da ba nasa ba. Kana so ka san ko za a dogara da shi, tunda kai ma kana taɓa rubuta waƙa, kuma wani malaminku ya ce maka waƙa da tarihi ba sa ga maciji. Na yi shekara shida a Roma, karatu ya kai ni, aiki ya riƙe ni, kuma littafin mutumin nan ne ya buɗe mini garin. Abin da na sani shi zan faɗa maka.

An haife shi a 1821 a Neidenburg, can gabashin Prussia. Yau garin yana cikin Poland, ana ce masa Nidzica. Shekararsu ɗaya da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851. Ya yi karatun addinin Kirista a jami'ar Königsberg, amma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin coci ba, ya koma falsafa da adabi, yana koyarwa don ya ci abinci. Da guguwar juyin juya hali ta taso a Turai a 1848 ya goyi bayan mutanen Poland da na Hungary, har ya fitar da waƙoƙi a kansu a 1849. Ka ga da waƙa ya fara, da zafin kai irin na matasa.

A 1852 ya tsallaka Italiya, ba dukiya, ba kujerar jami'a. Ya fara yawata tsibirin Korsika, yana aika wa wata jarida ta Augsburg labarin abin da ya gani, littafin da ya fito daga wannan tafiya a 1854 shi ya fara fito da sunansa. A watan Oktoba na 1852 ya shiga Roma. Bai tashi daga garin ba sai 1874, shekara ashirin da biyu.

Akwai wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogin Tiber, cikin gari. A littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ya ce a 1854, yana kallon garin daga gadar tsibirin nan, niyyar rubuta tarihin Roma ta zo masa. Ya zaɓi zamanin da mutane ke tsallakewa: daga 410, lokacin da Alaric, sarkin ƙabilar Goth, ya ci garin da yaƙi, zuwa mutuwar Fafaroma Clement na Bakwai a 1534. Sama da shekara dubu da ɗari ke nan. Kowa na son Roma ta Kaisar, kowa na son Roma ta manyan masu zane, amma abin da ke tsakani an ɗauke shi duhu ne kawai. Juzu'i takwas ya rubuta, na farko ya fito a 1859, na ƙarshe a 1872.

Bari in gaya maka yadda na same shi. Shekarata ta farko a garin ban ga komai ba sai kango da 'yan yawon buɗe ido. Wata Lahadi a kasuwar gwanjo ta Porta Portese na tsaya gun wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai, na tambaye shi abin da zan karanta in gane garin. Bai ce uffan ba, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani juzu'i da bangonsa ya ɓalle, fassarar Italiyanci, ya kaɗe ƙurar da hannun rigarsa ya miƙo mini. Ya ce wannan Bajamushen ya fi mu sanin gidanmu. Daga nan na mai da shi al'ada: in an sauko daga Juma'a a babban masallacin Roma, sai in shiga gari da littafin a jaka, in nemi wurin da na karanta labarinsa a makon.

Ranar da abin ya kama ni sosai ina tsaye ne gaban tsohon gidan wasan Marcellus, ba nisa da gadar nan. Ƙasan ginin bakunan dutse ne na zamanin Augustus, sarkin daular Roma na farko, sun yi baƙi don tsufa. Samansa kuwa tagogi ne da labule, mutane na zaune ciki har yau. Na sha wucewa ta wurin ban taɓa tambayar dalili ba. Gregorovius ne ya fahimtar da ni cewa da daular ta rushe, garin da ya taɓa ɗaukar mutum kusan miliyan ya koma 'yan dubbai, sai manyan gidaje suka mamaye tsofaffin gine-gine suka mai da su mafakar yaƙi. Gidan Savelli sun riƙe wannan, daga baya ya koma hannun Orsini. Gidan Frangipane sun yi haka da Colosseum, babban filin wasan tsohuwar Roma. An riƙa farfasa gumakan marmara ana ƙonawa don a samu farar ƙasa ta gini. Dandalin da aka mulki rabin duniya daga cikinsa ya zama makiyayar shanu, har sunan ya bi shi. Na daɗe a tsaye a wurin, sanyin Janairu na ratsa rigata, ina tuna sau nawa na bi ta ƙofofin ganuwar Kano ban taɓa tambayar wa ya gina, wa ya rushe ba.

To ga maganar waƙa. Gaskiya waƙoƙinsa ba su ne suka rayu ba. Ya yi doguwar waƙa a kan Pompeii, garin da aman wutar dutse ya binne, mai suna Euphorion a 1858, ya kuma fassara waƙoƙin Giovanni Meli na Sisili zuwa Jamusanci, amma yau da wuya ka samu mai karanta su. Waƙar ta koma cikin zubensa ne. In yana ba da labarin Cola di Rienzo, ɗan mai gidan giya da ya ƙwace mulkin Roma a 1347 da daɗin baki, jama'ar da suka ɗaga shi kuma suka kashe shi a 1354, za ka ji hayaniyar taron a kunnenka. In ya zo kan shekarun da Fafaromomi suka koma Avignon ta Faransa suka bar garin, za ka ga ciyawa na tsirowa a coci. Wannan idon mawaƙi ne, kuma ban yarda aibi ba ne.

Sai dai kada ka ɗauka da ido kaɗai ya yi aikin. A nan ne nake so ka tsaya, domin nan ne malaminka yake da gaskiya ta wani ɓangare. Mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin taskokin takardu. Ya bi ɗakunan karatu na Roma, ya samu shiga takardun tsofaffin gidaje irin su Caetani da Colonna, ya bi garuruwan Italiya ɗaya bayan ɗaya yana kwafar wasiƙu da yarjejeniyoyi da hannunsa. Ya karanta rubutun kan kaburbura, ya taka filayen da aka yi yaƙe-yaƙen da yake bayarwa. Shekara goma sha huɗu yana zaune a unguwar Via Gregoriana, kusa da matakalar nan da ake kira ta Sifaniya, yana wannan aiki. Sunan titin ba nasa ba ne, na Fafaroma Gregory na Goma Sha Uku ne, dacewa ce kawai. Mawaƙin da ba zai iya wannan haƙurin ba, gara ya tsaya a waƙarsa.

Za a dogara da shi? E, amma ido buɗe. Taskar takardun sirri ta Vatikan a rufe take a lokacinsa, sai a 1881 Fafaroma Leo na Goma Sha Uku ya buɗe ta ga masu bincike, bayan ya gama littafin da shekara tara. Don haka na baya sun gyara masa abubuwa da dama. Sannan shi Furotesta ne mai ra'ayin 'yanci, bai ɓoye ƙin mulkin duniya na Fafaromomi ba, kuma hukuncinsa a kansu yakan yi tsauri. Kishinsa na Bajamushe ma yana leƙowa in ana maganar sarakunan Jamus da suka riƙa zuwa Roma neman rawani. Kai kuma a matsayinka na Musulmi za ka ji wani iri in ka zo kan harin da mayaƙan Musulmi suka kai cocin Saint Peter a 846, wanda ya sa Fafaroma Leo na Huɗu ya kewaye unguwar da ganuwa. Da bakin Baturen ƙarni na 19 yake magana a wurin. Na karanta, raina ya sosu, amma ban ajiye littafin ba, na nemi wasu na haɗa.

Abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa shi ne ƙarshen zamansa. Yana cikin rubutun, sojojin Italiya suka shiga Roma ranar 20 ga Satumba 1870, mulkin Fafaroma a kan garin ya ƙare, garin ya zama babban birnin ƙasa. Abin da yake fata ne, amma da aka fara rusa tsofaffin unguwanni ana yanka sababbin tituna, sai ya ga Romar da ya sani tana ɓacewa a gabansa. A 1874 Coci ta sa littafinsa cikin jerin waɗanda aka haramta wa Katolika karantawa, a shekarar kuma ya tattara ya koma Munich. Bayan shekara biyu, a 1876, hukumar birnin Roma ta ba shi matsayin ɗan gari na girmamawa. Ya ci gaba da kai ziyara, ya rubuta tarihin Atina ta Girka a 1889, ya rasu a Munich a 1891. Duk wanda ya daɗe a ƙasar wani ya san wannan hali, can kai baƙo ne, ka dawo gida kuma zuciyarka na can.

In za ka fara, kada ka faɗa wa juzu'i takwas ɗin kai tsaye, za su gajiyar da kai. Nemi rubuce-rubucensa na yawon Italiya tukuna, musamman wanda ya yi a kan unguwar Yahudawan Roma, gajere ne kuma za ka ga yadda yake haɗa abin da ido ya gani da abin da takarda ta ce. Bayan nan ka ɗauki juzu'in da ke da labarin Cola di Rienzo. Wata mata, Annie Hamilton, ta fassara tarihin gaba ɗaya zuwa Turanci, kuma saboda tsufansa ana samunsa kyauta a intanet. In ka karanta babi biyu ka dawo mu tattauna, ina so in ji yadda kunnenka na mawaƙi ya ji shi.