Ɗana na so in sayar da bijimai ya buɗe shagon kayan ɗaki a duniyar intanet

Wani ɗan kasuwa daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ne ya aiko da tambayar wannan mako. Kayan ɗaki yake sayarwa, labule da kafet da katifa da kwanukan jeren amare, yana cin kasuwar Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Ya ce: "Yarona ya gama difloma a fannin kwamfuta, shekara guda ke nan yana zaune. Yanzu ya tasa ni gaba in sayar da bijimai biyu da nake turkawa, ya sayi babbar kwamfuta, ya kuma sayi fili a wata duniya ta cikin intanet da ake kira Second Life. Wai can mutane na gina gidaje, suna sayen kujeru da labule, suna yi wa mutum-mutuminsu ɗinki, kuma dala ake samu. Malam, kasuwanci ne ko cinikin biri a sama? An taɓa cinye mini kuɗi a irin zuba-ka-kwasan nan."

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, wurin yana nan. Wani kamfani na birnin San Francisco a Amurka, Linden Lab, ya buɗe shi a 2003, har yau kuma yana aiki. Duk wanda ya shiga yana da mutum-mutumin da ke wakiltarsa, shi ne zai zaɓa masa jiki da gashi da sutura, ya kama masa gida, ya zuba masa kujeru. Yawancin kayan nan ba kamfanin ne ke yin su ba, mazauna wurin ne ke ƙerawa suna sayar wa juna. Suna da kuɗinsu, dalar Linden, wadda kimanin 250 ke daidai da dalar Amurka ɗaya, kuma ana canza ta zuwa kuɗin gaske. Kada ka yi mamakin mai sayen labulen da ba zai taɓa shi da hannu ba. Kai ka fi ni sanin cewa rabin kwanukan da uwar amarya ke saya a rumfarka ba za a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba, jere ne don a shigo a gani.

Sai dai a cikin maganar yaron akwai sana'o'i biyu da ya haɗa maka a buhu ɗaya, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Akwai ƙera kaya, akwai sayen fili. Na farko aikin hannu ne kamar na kafinta ko tela. Na biyun kuwa ina so ka cire shi daga lissafi tun yanzu.

Dalili shi ne, filin can suna kawai ya tara da fili. Gonarka ta gado, ko ka shekara goma ba ka noma ta ba tana nan, 'ya'yanka za su gaje ta. Na Second Life yana zaune ne a kwamfutocin kamfanin, kuma ko ka "saya" sai ka ci gaba da biyan kuɗin riƙo duk wata da dala. Ka daina biya, a karɓe. Haya ce da kuɗin goro a gaba. Idan kuma mai wurin ya ga dama ya rufe, ba dagacin da za ka kai wa ƙara. Google ya buɗe irin wannan duniya mai suna Lively a 2008, bai cika wata shida ba ya rufe ta. Sony ya rufe PlayStation Home a 2015, gidaje da rigunan da mutane suka saya a ciki suka bi ruwa.

Na san labarin da ke ruɗar samari. A 2006 wata mata 'yar asalin China mazauniyar Jamus, wadda aka sani da Anshe Chung, ta sanar cewa dukiyarta ta cikin Second Life ta kai dala miliyan ɗaya, ta hanyar sayen filaye tana ƙawata su tana ba da haya. Gaskiya ne, amma ta shiga lokacin da kasuwar ke tashe. A ƙarshen 2021, bayan Facebook ya sauya wa kamfaninsa suna zuwa Meta, zazzaɓin sayen filayen intanet ya dawo, har aka sayi wani fili a wata duniyar irin wannan mai suna Decentraland kan kimanin dala miliyan 2.4. Shekara na zagayowa farashin irin waɗannan filaye ya rikito. Tsoron da kake yi na zuba-ka-kwasa ma ba a banza ba: a 2007 wani "banki" na cikin Second Life mai suna Ginko Financial, da ke alkawarin ruwa mai tsoka, ya rushe da kuɗin mutane, abin da ya sa kamfanin ya hana irin waɗannan bankuna a farkon 2008.

To mu koma kan ƙira, don nan maganar take da daɗi. Wannan sana'a tana da wata falala da taka ba ta da ita. Kai in ka sayar da katifa sai ka koma Kano ka saro wata. Shi in ya ƙera kujera sau ɗaya, zai iya sayar da kwafinta sau ɗari ba tare da ya sayi ƙusa ko ɗaya ba. Manhajar da ake ƙirar da ita, Blender, kyauta ce. Buɗe shago a kasuwar Second Life ta intanet ba ya buƙatar fili ko taku ɗaya, kamfanin dai yana cire kashi 10 cikin ɗari na kowane ciniki, akwai kuma ɗan kuɗin ɗora kaya. Har filayen gwaji na kyauta akwai, inda mai koyo zai baje kayansa ya duba.

Amma mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ce ya sa wa kujera dalar Linden 250, wato dalar Amurka ɗaya. Kasuwa ta cire ushirinta. Wajen canza dalar Linden zuwa ta Amurka a cire wani abu, wajen fitar da kuɗin a sake cirewa, wanda zai mayar masa da su naira shi ma ya ci nasa. Ko da dala ta haura naira dubu, sai ya sayar da kujeru da yawa a wata kafin ya mayar da kuɗin data kaɗai. Kuma ba shi kaɗai ne a kasuwar ba, zai tarar da waɗanda suka shekara goma sha suna wannan aiki, da sunansu da kwastomominsu. In ya je yana kwaikwayon kujerar Turawa, ya shiga layin da shi ne na ƙarshe.

Inda nake ganin yana da abin faɗa shi ne abin da ya tashi yana gani. Soro mai zanko a kusurwoyi, zaure da daurin guga, bango mai zayyana da dagi irin na Gidan Makama, tabarma da tumtum na fata, faifai da akushi da ƙwarya mai zane, shuni irin na marinar Ƙofar Mata, da shi kansa jeren amarya. Wanda ke zaune a Jamus ba zai ƙera waɗannan daidai ba, yaronka kuwa ɗakin kakarsa kawai zai shiga da waya ya ɗauki hoto. Masu neman irin wannan kaya ba su kai masu neman na zamani yawa ba, kada in yaudare ka, amma gara ƙaramar rumfa da kai kaɗai ne a layinka.

Kuma ya fara da kayan ɗaki, ya bar sutura sai gaba. Ɗinki a can ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin jikunan mutum-mutumin iri-iri ne, masu ƙera su daban-daban, kuma riga sai an daidaita ta da kowane jiki ta yadda za ta motsa tare da shi. Ka ƙiyasta babbar riga mai aska takwas, da faɗinta da yadda ake naɗe hannunta a kafaɗa. Aikin ƙwararre ne. Hula kam, zanna ko dara, zai iya gwadawa da wuri tunda ɗora ta kawai ake yi. Wani sirrin kayan ɗaki shi ne su zama marasa nauyi, saboda kowane fili yana da iyakar kayan da zai ɗauka. Da ma'auni ake ƙidaya nauyin kaya a can, fili mai mita murabba'i 1,024 kan ɗauki kimanin ma'auni 351. Kujerar da ta ci ma'auni ɗaya ko biyu ta fi saurin fita a kan wadda ta ci ashirin, komai kyanta.

A matsayinka na uba akwai abin da ya kamata ka sani: wurin yana da unguwannin da aka ware wa manya, inda ake abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma wasu suturun da suka fi ciniki na tsiraici ne. Ku yi wannan magana da shi a fili tun kafin ya fara. Batun hukuncin ƙera sura kuwa na malamai ne, ku tambaye su. Tabarma da soro dai ba su da rai.

Kafin ka kwance ko akuya, ya nuna maka hanyar da kuɗi za su bi su iso asusunsa na banki a Najeriya. Kamfanin yana tantance mutum da katin shaida kafin ya biya shi, kuma ta kafofin biyan kuɗi na ƙasashen waje yake turawa. Kada ya buɗe asusu da sunan wani ko adireshin wata ƙasa, ranar da aka gano za a kulle da kuɗin a ciki.

Shawarata, bijimi ɗaya ya isa, shi ma ka bari Babbar Sallah ta matso ya yi daraja. A sayi kwamfuta ta hannu mai katin hoto mai ƙarfi (wato sashen da ke sarrafa zane a cikinta), a titin Beirut ko Farm Centre da ke Kano, da wanda ya san kanta a gefe. Ragowar a sa ƙaramin sola da data, don na san halin wuta a ƙauye. Ka ɗauki kuɗin a matsayin na koyon sana'a, kamar ka kai shi wajen kafinta, ku yanka wata shida. Ko Second Life ba ta karɓe shi ba, wanda ya iya Blender zai iya zana wa magina fasalin gida, ya kuma zana maka ɗakin amarya da labulenka da kafet ɗinka a ciki, ka nuna wa iyayen yara a waya su zaɓi launi kafin su biya.

Kafin Sallar, ya ari kwamfutar abokinsa ko ya je shagon kwamfuta a Ringim ya ƙera abu uku: tumtum, faifai da ƙofar zaure. Idan ya kawo su ka gani da idonka, sai a kira dillalin shanu.