Hannun ƙofar Hilux ya sake karyewa

Yarona, ka tambaye ni abin da ya sa hannun ƙofar da ka sa wa tsohuwar Hilux ɗin nan mai jigilar masara ya sake karyewa tun bai tsufa ba, kana kuma neman izini ka koma kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayo mai tsada. Dakata tukuna. Ko na zinare ka sayo, in dai ƙofar tana yadda take, shi ma haka zai tafi.

Hannun ƙofa ba shi da wani nauyi da yake ɗauka. Aikinsa kawai ya motsa wani siririn ƙarfe da ke cikin ƙofar, ƙarfen ya saki makullin da ke cije da ƙugiyar jikin mota. In komai lafiya, yatsa biyu sun isa. To amma motar da ta haura shekara ashirin tana bin hanyar kasuwannin ƙauye, ƙurar hunturu ta shige makullin ta haɗu da tsohon giris, sun daskare. Direba ya ja, ta ƙi, ya ƙara ƙarfi. Yaron mota kuwa da hannu biyu yake fizga. Robar da rana ta riga ta gasa ba ta jure wannan.

Abu na biyu da ya fi ɓuya shi ne zaman ƙofar. Buɗe ta kaɗan, ka riƙe gindinta ka ɗaga sama. In ka ji tana wasa, hinjin ya cinye, ƙofar ta sauka, nauyinta ya koma kan ƙugiyar. Dubi ƙugiyar ma da kyau: za ka ga samanta ya goge yana sheƙi. Irin wannan ƙofar ce ake ɗaga ta da gwiwa kafin ta buɗe. Sai an gyara hinjin, an sassauta ƙugiyar an daidaita ta, sannan a yi maganar sabon hannu.

Yanzu ga yadda nake so ka yi aikin wannan karon. Murza gilashi ya hau sama gaba ɗaya, domin in yana ƙasa shi ne zai tare maka wurin da hannunka zai shiga. Marikin murza gilashin ba noti ke riƙe da shi ba, wata 'yar waya ce mai siffar kofaton doki. Kada ka sa sukundireba ka ɓanɓare. Zura gefen tsumma tsakanin marikin da allon ƙofa, ka ja shi dama da hagu, za ta fito da kanta. Ka tare ta da tafin hannu, don in ta yi tsalle ta faɗa ƙasar garejin nan sai dai wata. Kwance sukurorin matashin hannu da na hannun ciki, sannan ka bi gefen allon kana ɓalle kilif ɗaya bayan ɗaya, daf da inda kowanne yake. Allon nan kwali ne, ya sha damina da yawa, fizga ɗaya zai yage.

Ledar da za ka tarar a manne, ɗaye ta a hankali ka ajiye. Yara da yawa suna yaga ta su jefar, alhali ita ke hana ruwan da ya bi gilashi ya jiƙa kwalin.

Kafin ka taɓa komai a ciki, ɗauki hoto da wayarka. Ƙarfen hannun waje daban, na hannun ciki daban, na maɓallin kullewa daban, kuma kowanne da 'yar robar da ke kama shi. Robar nan juya ta ake yi ta saki ƙarfen, sannan a zare shi. In ka finciko ta karye, ka sayi sabuwa, ba ta da tsada. Ban yarda da ɗaurin waya ba a nan. Yana kwancewa a hanya, mutum ya maƙale a mota. Noti biyu ne masu lamba 10 ke riƙe da hannun daga ciki. Sa tsumma a ƙasan ƙofar kafin ka kwance, kada noti ya faɗa lungu ya riƙa yi wa mai mota ƙara har abada.

Tunda ƙofar a buɗe take, ciro makullin, ka wanke shi da kananzir da tsohon buroshi har ka ga ƙarfensa, ya bushe, ka shafa giris kaɗan. Kaɗan na ce. Mai yawa ƙura yake kira. Ramukan ƙasan ƙofa da ruwa ke fita ta nan, tsokale su su buɗe.

Batun saye: tafi da tsohon a hannunka, ka kara su gefe da gefe, domin na hagu ba ya hawa dama, kuma samfurin Hilux ya sha canzawa. Ni na fi son na asali da aka ciro daga wata mota a kan sabon jabu mai walƙiya wanda robarsa ba ta da kauri. Ga wata dabara. Mu nan Najeriya tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, direbanmu yana hagu, shi ya sa hannun ƙofar hagu ya fi mutuwa. A Japan da Ingila kuwa ƙofar hagu ta fasinja ce. In ka dace da hannun hagu da aka ciro daga motar can, sau da yawa bai sha wuya ba.

Wajen ɗaurawa, kama notin biyu da yatsa tukuna, ka ga hannun ya zauna daidai, sannan ka ɗaure ba da ƙarfin tsiya ba. Ka bar wa ƙarfen ɗan sarari, hannun ya ɗan motsa kafin ya fara ja. In ya yi tsauri makullin ba zai koma daidai ba, in ya yi sako-sako kuma sai an ja har ƙarshe, nan ne yake karyewa.

Kada ka rufe ƙofar nan sai ka gwada. Tana buɗe, tura bakin makullin da sukundireba har ka ji ƙas sau biyu, ka ja hannun waje ka ga ya saki. Maimaita da na ciki. Danna maɓallin kullewa, ka gwada da ɗan makulli, ka sauke gilashi ka ga bai gogi ƙarfe ba. In ka rufe da ƙarfen a kuskure, ƙofar za ta ƙi buɗewa ciki da waje, ranar nan ba za ka tashi da wuri ba.

In duk sun yi, mayar da leda da allo, ka sa 'yar wayar nan mai siffar kofaton doki a jikin marikin gilashi kafin ka danna shi. Sannan ka kira ni in ja ƙofar da kaina kafin mai mota ya zo.